Harshen Rabi'u Ladan

Talata, 10 ga Shawwal, bayan Asuba

Bismillahi. Jiya aka yi sadakar bakwai, baƙi sun watse, an naɗe tabarmi. Wannan littafi a cikinsa nake rubuta abincin Rabi'u, cokali nawa na kunu ya haɗiye, sau nawa ya ƙware. Shafin ƙarshe yana cewa cokali biyu. Sauran takardun farare ne, kuma ba ni da wanda zan gaya wa abin da ke cikina. Habiba matarsa tana takaba, nata ya ishe ta.

Rabi'u ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye shi. Shekara goma sha tara yana kiran salla a masallacin unguwarmu. Masunta da ke tsakiyar tafki da muryarsa suke sanin lokacin juyo da jirgi.

Malam Sadiƙ, shugaban kwamitin masallaci, ya zo gaisuwa ran uku, ya zo ran bakwai. Tabarmar gaba ya zauna. Ta bayan katanga na ji shi yana cewa, "Allah ya jiƙan ladan, mutumin kirki, ba shi da abokin faɗa." Da wannan bakin nasa. Ina riƙe da ludayi a lokacin, sai da Habiba ta ɓamɓare shi daga hannuna.

Ban yafe ba.

Laraba, 11 ga Shawwal, Azahar

Sabon ladanin yana yanke "hayya alal falah" kamar ana korarsa.

Juma'a, 13 ga Shawwal, bayan La'asar

Zan rubuta yadda aka yi, don kada wata rana in ƙara ko in rage.

Shekara biyu da wata huɗu ke nan. Harshen Rabi'u ya fara nauyi. Kalmomin kiran salla suka riƙa mannewa da juna, kamar mai magana da tuwo a baki. Ya ce mini mura ce. Daga nan ya faɗi a ƙofar masallaci, ba tuntuɓe, ba komai. Sai ranar da dariya ta kama shi a cikin sahu, ana tsakiyar sallar Magariba, ya kasa tsayar da ita, hawaye na zuba masa. Ya dawo gida yana kuka, ya ce, "Yaya, wallahi ba ni nake yi ba."

Juma'ar da ta biyo, Malam Sadiƙ ya karɓi makullin ɗakin amsa-kuwwa daga hannunsa gaban jama'a. Bai tsaya nan ba. Ya kunna amsa-kuwwar, ya ce an sauke ladan, domin ba a kiran sunan Allah da bakin maye. Har bakin kasuwa an ji. Matan da ke wanki a bakin tafki sun ji.

Tun daga ranar aka bar ce masa Rabi'u Ladan, sai Rabi'u Ƙwaya. Da ciwon ya ci gaba, hannuwa suka mutu, ƙafafu suka bi, sai aka ce ai ga ƙarshen mai shaye-shaye nan. Masu sauƙin baki suka ce alhakin masallaci ne ya kama shi.

Akwai kuma abin da aka yi a zaurenmu kwana biyu kafin wannan Juma'a. Ba yau ba.

Ban yafe ba.

Lahadi, 15 ga Shawwal, hantsi

Habiba ta ji daga masu zuwa gaishe ta. Malam Sadiƙ ya samu kujerar Makka, tsakiyar wata mai kamawa zai tashi zuwa Yamai. Ya fara bin gidaje yana neman gafara, yadda kowane maniyyaci ke yi, don kada ya tsaya gaban Ɗakin Allah da haƙƙin wani a wuyansa. An ce ya riga ya gama da layin mahauta.

Ke nan zai zo nan. Dole ya zo.

Astagfirullah, na ci abinci yau har na nemi ƙari. Rabona da haka tun kafin azumi.

Na shirya abin da zan ce masa. Ba zan ɗaga murya ba, ban iya ba ma. Zan bari ya gama, ya sunkuyar da kai, sannan in ce masa Allah ya isa, tsakaninmu sai gaban Wanda ba a ɓoye masa komai. Ya tafi da ita a jaka, ya yi ɗawafi da ita sau bakwai.

Talata, 17 ga Shawwal, bayan La'asar

Febi ta zo. Ita ce ma'aikaciyar jinya ta ɗakin shan maganinmu, ɗiyar wani fasto daga Maradi. Ita ta fara cewa a kai Rabi'u Yamai a duba shi, lokacin da kowa ke cewa a kai shi gidan mai cire ƙwaya daga jini. Ita ta koya mini yadda zan jingina shi a zaune in zai ci, in sirka kunun ya yi kauri daidai, kada ruwa-ruwa ya bi masa ta hanyar numfashi.

Ta zo da takardar lokotoro, wato likitan da ya duba Rabi'u a Yamai, wadda ta ajiye mana tun bara. Ta sake fassara mini, ko da yake na haddace. Jijiyoyin da ke kai wa naman jiki umarni su ne ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Nasara suna ce masa ciwon Sharko. Ba giya ke kawo shi ba, ba ƙwaya ba, ba sammu ba, kuma ba a ɗaukarsa. Dariya ko kukan da ke kufce wa mutum yana cikin alamunsa ga wasu. Hankali kuwa yawanci yana nan garau har ƙarshe. Wannan shi ne abin da ba na son tunawa. Duk abin da aka faɗa a kansa ya ji, ya gane, bai da harshen ramawa.

Ta ce, "Yaya Balaraba, ran Litinin mata na cika wurin awon jarirai. Ki zo ki faɗa musu abin da kika gani. Ni in na faɗa sai su ce boko ne. Ke kuwa ɗiyar Malam ce, ke kika koya wa rabinsu Fatiha."

Na ce, "Ni takardar nake so. Akwai wanda zan nuna wa."

Ta dube ni ta saman tabaronta. "Takardar asibiti ce fa, ba bulala ba ce."

"A hannunki."

Ta yi dariya. "To. Da Babana ne a nan da tuni ya fara miki wa'azin yafiya. Ni ba zan yi ba, na san ki, in aka tura ki gabas yamma kike yi a hankali, da sallama da komai. Ki zo Litinin, sannan in ba ki."

Ciniki ke nan. Zan je.

Alhamis, 19 ga Shawwal, bayan Asuba

Na yi alwala, na ɗauko Alƙur'anin Babanmu da nufin in ja wa Malam Sadiƙ Yasin. Na san yadda ake yi, na ga an yi, ko da yake Babanmu bai taɓa yarda a yi a gidansa ba. Sai mutum ya ƙulla niyya, ya ce a kan wanda ya zalunci wane.

Na ce, a kan duk wanda ya zalunci Rabi'u.

Sai na rufe Littafin. Ban karanta ba.

Asabar, 21 ga Shawwal, Magariba

Matar Malam Sadiƙ ta aiko da kwanon tuwo da miyar kuka. Na mayar, na ce a gode mata, mun riga mun ci. Mun ci ɗin ne, ban yi ƙarya ba.

Ban yafe ba.

Litinin, 23 ga Shawwal, bayan Azahar

Na je wurin awo. Mata kusan arba'in a ƙarƙashin rumfa, zafi kamar a toya ƙwai a ƙasa, jarirai na tsala kuka. Muryata ba ta kai layi na uku ba, sai Febi ke maimaitawa. Na faɗi yadda ya fara, da harshe. Na ce ba kowane nauyin harshe ne wannan ciwo ba, amma in kun ga haka ku kai mutum a duba shi kafin ku ba shi suna. Wasu sun sunkuyar da kai. Na san su, na san abin da suka ce a bakin tafki. Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ban yi sauri ba.

Da aka tashi wata mata ta riƙe mini mayafi. Daga ƙauyen Safo take. Mijinta Umar mai amalanken jaki ne, wata biyar ke nan igiya na suɓuce masa daga hannu, magana kuma ta fara ja. Ƴan'uwansa sun ce ƙwayar tiramol yake sha, har sun hana a ba shi kayan mutane ya ɗauka.

Ta ce, "Inna, sun tara ni gaban mai gari, suka ce in faɗi gaskiya. Na ce a kawo Alƙur'ani. Na dafa na rantse ba ya sha."

Na ce, "Kin gani da idonki? Kina tare da shi a kasuwa?"

Ta ce, "Mi zan gani? Shekara sha huɗu muna tare. Ke da aka tambaye ki a kan ƙanenki ai haka kika yi."

Febi ta kira ta a lokacin, za ta rubuta mata takardar zuwa Maradi. Alhamdu lillahi da ta kira ta.

Na karɓo takardar Rabi'u. Tana cikin Alƙur'ani.

Laraba, 25 ga Shawwal

Ciwon kai. Ban fita ba.

Asabar, 28 ga Shawwal, bayan La'asar

Ya zo.

Malam Sadiƙ, shi kaɗai, ba ɗan rakiya. Ya yi sallama a zaure, na saka hijabi na fita, na tsaya daga bakin ƙofar ciki. Ban shimfiɗa masa tabarma ba. Ya tsufa, ban lura ba sai yau. Ya ce, "Malama Balaraba, tafiya ta matso. Na zo neman gafara, abin da na yi da sani da wanda ban sani ba."

Na ce, "Wanne daga ciki, Malam? Makullin, ko amsa-kuwwar, ko shekara biyun da ba ka leƙo ka ga yadda mashayi ke mutuwa ba?"

Na miƙa masa takardar. Ya ce ba ya karanta faransanci. Na karanta masa da ka, ban tsallake komai ba. Allah ya isa tana kan harshena, na ji ɗanɗanonta.

Sai ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Na yi kuskure, kuma babba. Amma Malama, a nan wurin na tsaya, inda nake tsaye yanzu. Ni da mutum biyu. Ban taɓa makulli ba sai da na zo wurinki, don duk garin nan an san ɗiyar Malam ba ta ƙarya. Na ce ki rantse mini ba ya shan komai, in koma in rufe bakin mutane. Kin tuna abin da kika ce?"

Na tuna.

Ya ɗauki takalmansa ya tafi. Ko sauka lafiya ban ce masa ba.

Lahadi, 29 ga Shawwal, bayan Asuba

To, zaure.

Babanmu ya yi mana tarbiyya a kan abu guda fiye da komai: kada ka rantse da Allah a kan abin da idonka bai gani ba. Ya taɓa fasa mini allo a ka don na ce wallahi akuya ce ta ci dawa, alhali ban ga akuyar ba. Shekarata hamsin da biyu, tun daga ranar ban ƙara rantsuwa ba, ko a kasuwa. Ina alfahari da haka. Mata suna cewa maganar Balaraba ba ta bukatar wallahi.

Da Malam Sadiƙ ya ce in rantse, sai na ce, "Malam, ban taɓa ganin ya sha ba. Amma ba na tare da shi kowane lokaci, ba zan rantse a kan abin da ban gani ba."

Suka dubi juna. Suka ce sun gode.

Na koma ciki ina jin na kiyaye amanar Babanmu.

Akwai saura. Da yammacin ranar na ɗauki rigarsa daga igiya na shinshina. Na laluba aljihun.

Talata, 1 ga Zulƙida, hantsi

Na tambayi Habiba, muna tsince wake. Na ce ko Rabi'u ya san abin da aka yi a zaure.

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Yana bayan ƙofa, Yaya. Alwala yake yi."

"Ya yi miki maganar?"

"Bai taɓa ba. Lokacin yana iya magana ma bai yi ba."

A watanninsa na ƙarshe ido kaɗai ya rage masa. Ƙiftawa ɗaya i, biyu a'a. Na tambaye shi abu dubu. Ruwa? In juya ka? Ƙuda ne? In karanta maka Tabaraka? Wata bakwai ina zaune gabansa, tambaya ɗaya ce ban yi ba. Ina tsoron ƙiftawa biyu.

Habiba ta ce, "Ke kaɗai yake yarda ki ba shi kunu." Na ce wannan ba amsa ba ce. Ta ce ita ke nan da ita.

Alhamis, 3 ga Zulƙida, Azahar

Kuma duk da haka ba ni na kunna amsa-kuwwa ba. Ba ni na ce bakin maye ba. Kada Malam Sadiƙ ya ɗauka ya tsira don ya tuna mini nawa.

Ban yafe ba.

Litinin, 7 ga Zulƙida, bayan La'asar

Na je awo kuma. Matar Safo ba ta zo ba, Febi ta ce sun tafi Maradi, ana jiran sakamako. Allah ya sa wani abu ne mai magani.

Bayan an watse muka zauna ni da Febi. Tana faɗin abin da ke takardar da Hausa, ina rubutawa da ajami, don Malam Sadiƙ ya iya karantawa ba tare da ya ce ido ya hana shi ba. Na yi manyan baƙaƙe da wasali cikakke, kamar na ɗan farin shiga. A ƙasa na ƙara layi huɗu nawa. Febi ta ce in karanta mata. Da na gama ta cire tabaro ta goge.

Ta ce, "Wannan na ƙasan ba dole ba ne, Yaya. Garin nan ba ya mantuwa."

Na ce, "Shi ya sa."

Na kai masa da kaina har ƙofar gida. Na ce ranar Juma'a, bayan an sallame, da amsa-kuwwar nan dai, da ƙarfin da aka kunna ta wancan karon. Ya faɗi nasa da bakinsa, sannan ya karanta wannan tun daga sama har ƙasa. Ya karanta a tsaye, leɓɓansa na motsi. Da ya kai ƙasa ya ce, "Wannan zan bar shi. Ni ne namiji, ni na yi magana, ni zan ɗauka."

Na ce, "In ka tsallake harafi ɗaya, Malam, kada ka dawo zaurenmu. Ka tafi Makka haka nan."

Juma'a, 11 ga Zulƙida, bayan La'asar

Mun zauna tsakar gida ni da Habiba, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Daga nan ake jin komai, daga nan na ji na wancan karon.

An sallame. Amsa-kuwwa ta yi ƙara, ta yi shiru, ta sake. Sai muryarsa. Ya ce jama'a su dakata. Ya ce shekara biyu da suka wuce ya tsaya a nan ya ce Rabi'u Ladan mashayi ne, ya faɗa ba da ilimi ba, ƙazafi ne, kuma duk wanda ya ɗauka daga bakinsa ya yaɗa, to ya san inda zai mayar. Ya karanta bayanin ciwon. Ya yi tuntuɓe a kan Sharko, ya maimaita sau biyu. Ya karanta inda muka ce wanda harshensa ya yi nauyi, ko hannunsa ya saki, ko dariya ta kufce masa, a kai shi asibiti kafin a kai shi bakin duniya.

Sai ya tsaya. Na ƙirga numfashina, bakwai. Na ce a raina ya tsallake, kuma Allah ya sani wani ɓangare nawa ya so ya tsallake.

Ya karanta. "Ni Balaraba ɗiyar Malam Shu'aibu, an nemi in rantse wa ƙanena na ƙi, ƙin da na yi shi ya ba da ƙofa. Yau na rantse da Allah wanda babu abin bauta sai Shi, Rabi'u bai sha ba. Shekara biyu babu abin da ya shiga bakinsa sai daga hannuna, kuma ciwon bai fasa cinsa ba. Na san shi tun yana bayana, da wannan kaɗai ya isa in rantse tun farko."

Habiba ta kama hannuna. Maƙwabciyarmu da ke daka ta bayan katanga ta daina daka.

Bayan La'asar ya zo zaure. Wannan karon ma ban shimfiɗa tabarma ba, ban kai can ba tukuna. Ya ce, "Malama, na cika."

Na ce, "Ka cika. Abin da ka yi mini, ni Balaraba, na yafe. Na Rabi'u ba nawa ba ne balle in bayar. Mai shi yana kwance gabas da gari, ba ya ko ƙifta ido yanzu. In ka tsaya a Arfa ka roƙa mana, ni da kai. Ka fara da kanka."

Ya ce to. Ya ciro wani abu daga aljihu ya ajiye a dokin ƙofa. Tsohon makullin ne, da igiyar fatar da na kitsa wa Rabi'u da hannuna. An canja kwaɗon tun bara, ba ya buɗe komai. Na ba Habiba.

Asabar, 12 ga Zulƙida, Magariba

Sadakar arba'in. Mutane sun fi na ran bakwai yawa, waina ba ta isa ba. Na ji mutum uku sun ce Rabi'u Ladan. Wasu matan ba su iya haɗa ido da ni ba, wasu kuma sun dube ni da kyau, sun daɗe suna dubawa. Suna da gaskiya.

Febi ta ce matar Safo ta dawo, an ce su wuce Yamai. Ran Alhamis za mu je Safo ni da Febi, in nuna wa matar yadda ake sirka kunu, ko da ba za a bukata ba, kuma in ƴan'uwan mijin suna kusa ina da magana da su.

Na Malam Sadiƙ ya ƙare. Saura mutum ɗaya ban yafe wa ba, ita kuwa ba ta zuwa Makka bana.